Yadda Kamfanin Cacar Intanet Ke Cika Sharuɗɗan Hukuma a Ƙasar da Ta Fara Bayar da Lasisi

Idan ƙasa ta yanke shawarar fara bai wa kamfanonin cacar intanet lasisi, ba don cacar ta burge ta ba ne. Yawanci ta ga mutanenta sun daɗe suna zuba kuɗi a shafukan ƙasashen waje, babu haraji, babu mai waiwayar wanda ya faɗa ciki ya kasa fita, sai ta ga gara a jawo abin gida a sa masa linzami. Haka Denmak ta yi a 2012, Suwidin a 2019, Holan a 2021, lardin Ontariyo na Kanada a 2022, Barazil kuma a 2025. Jamus ma ta faɗaɗa nata tsarin a 2021. Duk wanda aka ɗora wa aikin bin ƙa'ida a kamfanin da ke son shiga irin wannan kasuwa, ya san halin hukumar da zai yi hulɗa da ita tun da wuri: sabuwa ce, idon 'yan majalisa da na 'yan jarida yana kanta, kuma tana neman wanda za ta nuna a kansa cewa ba wasa ta zo yi ba. Alkawari ba ya shiga kunnenta. Hujja take so, a rubuce, da kwanan wata da sunan wanda ya yi.

Abin da za ka tanada kafin ka fara

Na farko, dokar kanta da dukan ƙananan ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashinta. Babbar doka takan yi magana ne a dunƙule, ainihin aikin yana cikin umarnin minista da sanarwar hukuma da kundin ƙa'idojin fasaha. A Barazil doka mai lamba 14.790 ta Disamban 2023 ce tushe, amma yadda za a karɓi kuɗi, yadda za a yi talla da yadda za a gwada wasanni duk daga baya suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya a cikin 2024, daga sashen kula da caca na Ma'aikatar Kuɗi. Ka samo su a harshensu na asali tare da fassarar da lauya ya duba. Fassarar manhaja ba ta isa a gina tsari a kanta ba.

Na biyu, lauya mazaunin ƙasar, wanda ya taɓa zama da hukumar, ba wanda zai fara koyo da kuɗinka ba.

Na uku, mutum uku da za a kira da suna: jami'in bin ƙa'ida, jami'in yaƙi da halatta kuɗin haram, da injiniya guda da aka ware wa wannan aikin kaɗai. Idan kamfanin ƙarami ne, ana iya ɗauko ƙwararru daga waje su rubuta tsare-tsare su horar da ma'aikata, amma wanda sunansa zai shiga takardar hukuma ya zama na gida, mai ikon da zai ce a'a kuma a ji.

Sai takardun kamfani: rajista, jerin masu hannun jari, rahoton kuɗi da odita ya sa wa hannu, lasisin da kuke riƙe da su a wasu ƙasashe, da tarihin duk wata tara ko gargaɗi da aka taɓa yi muku. A ƙarshe, babban jadawali guda a kwamfuta, wanda za mu zo kansa a mataki na 2, da wuri guda mai tsaro da za a riƙa tara hujjoji.

Mataki na 1: Binciki tarihinku a ƙasar

Tambayar farko ita ce: kun taɓa karɓar kuɗin 'yan ƙasar kafin doka ta halatta? Kada ka tambayi sashen talla, ka sa a zaro maka amsa daga rumbun bayanai. A duba adireshi, lambar waya, bankin da aka turo kuɗi daga gare shi, da harshen da kwastoma ya zaɓa a shafin.

Ƙasashe sun bambanta a kan wannan ƙwarai. Holan ta gindaya wa'adin jira ga kamfanonin da suka riƙa farautar 'yan ƙasarta ba lasisi. Da aka buɗe kasuwa a Oktoban 2021, lasisi goma kacal aka fara bayarwa, kuma manyan sunaye da dama ba sa ciki. Kamfanin caca na Unibet ya rufe ƙofarsa ga 'yan Holan a ƙarshen Satumban 2021, bai dawo ba sai Yulin 2022, bayan waɗanda suka riga shi sun kwashe kwastomomi. Ontariyo ta bi hanya mai sauƙi: ta bar tsofaffin kamfanoni su shigo cikin tsari, ta ba su zuwa 31 ga Oktoban 2022 su daina duk wata harka ta bayan fage. Barazil kuwa ta ce daga Oktoban 2024 wanda bai miƙa takardar neman lasisi ba ya tattara, kuma hukumar sadarwa ta Anatel ta fara toshe dubban shafuka a watan.

Akwai kuma bashin baya. Kotuna a Jamus da Ostiriya da Holan sun sha umartar kamfanoni su mayar wa mutane kuɗin da suka yi asara a lokacin da kamfanin ba shi da lasisi. Ka sa lauya ya ƙiyasta wannan haɗarin kafin shugabanni su yanke hukunci. Kuma kada ka ɗauka za ka kwaso tsofaffin kwastomomi da sunayensu ka zuba a sabon shafi. Ka tambaya a rubuce ko an yarda. Ko da an yarda, sai an sake tantance kowa daga farko.

Babban kuskure a nan shi ne ɓoye tarihi. Hukumomi suna magana da juna, kuma abin da suka gano da kansu ya fi abin da ka faɗa musu da bakinka muni nesa ba kusa ba.

Mataki na 2: Mayar da doka jadawali

Nan ne ƙashin bayan aikin. Ka zauna da dokar, ka ɗauki kowane wajibi ka ba shi layinsa. Kowane layi yana da gida shida: sashen doka, abin da ya wajabta da kalmomi masu sauƙi, wanda ke da alhaki da sunansa, halin da ake ciki yanzu, abin da ya rage a yi da ranar gamawa, sai hujjar da za a nuna wa hukuma.

Ga yadda layi guda zai kasance ga mai shiga Holan. Wajibi: a duba rajistar Cruks, wadda ke ɗauke da waɗanda aka hana caca, lokacin buɗe asusu da kuma duk sa'ad da kwastoma zai shiga. Mai alhaki: shugaban injiniyoyin dandali, wato manhajar da ke tafiyar da shafin cacar. Halin yanzu: muna duba rajistarmu ta cikin gida ne kawai, kuma sau ɗaya, ranar buɗe asusu. Abin da ya rage: haɗa dandali da Cruks, da tsara abin da zai faru idan ba ta amsa ba. Hujja: rikodin kowace tambaya da amsarta da lokacinta, da sakamakon gwajin da ya nuna an hana wanda ke cikin rajistar shiga.

Gidan hujja shi ne wanda sababbin shiga ke bari fanko, kuma shi ne hukuma za ta fara nema. Idan ka kasa faɗin takardar ko rikodin da zai tabbatar an bi wani sashe, to ba a gama da sashen ba, ko da kowa a ofis ya rantse ana binsa.

Kada ka ɗauko jadawalin wata ƙasa ka canja masa suna. Lasisin Malta ko na Birtaniya yana nuna cewa kun saba da tsari, amma ba ya ɗauke muku ko layi ɗaya. Idan kuma ƙa'idojin ba su gama fitowa ba, abin da kan faru a kusan kowace sabuwar kasuwa, ka yi aiki da daftarin da ke hannu, ka yi wa layukan da ba su tabbata ba alama, sannan ka gaya wa injiniyoyi su gina iyakoki, irin su na zuba kuɗi da na lokaci, yadda za a iya canja lambarsu daga allon sarrafawa ba sai an sake rubuta manhaja ba.

Mataki na 3: Yi lissafi kafin a yi nisa

Kuɗin shiga ya bambanta. Barazil ta sa riyal miliyan 30 na ƙasar a kan lasisin shekara biyar mai ɗaukar sunayen kasuwanci har uku, ban da ajiyar riyal miliyan 5 ta ko-ta-kwana. Ontariyo tana karɓar dalar Kanada 100,000 a shekara a kan kowane shafi, kuma sai an yi rajista da AGCO, hukumar da ke kula da caca a lardin, sannan a ƙulla yarjejeniya da iGaming Ontario, hukumar lardin da ke gudanar da kasuwar cacar intanet, wadda ke ɗaukar kashi 20 cikin 100 na abin da aka samu. Jamus tana neman jinginar aƙalla yuro miliyan 5.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne a kan me ake ɗora haraji. Yawancin ƙasashe suna ɗora shi ne a kan abin da ya rage wa kamfani bayan ya biya waɗanda suka ci. Jamus kuwa, a wasannin silot (na juya hotuna a allo) da karta ta poka na intanet, kashi 5.3 take karɓa daga kuɗin da aka zuba tun kafin a san wa ya ci. Ka lissafa: wasan da ke mayar wa masu yinsa yuro 96 cikin kowane 100 ya bar wa kamfani yuro 4, haraji kuma kusan yuro 5 ne. Ashe wasan da ke kawo riba a wata ƙasa asara zai jawo a Jamus sai an rage kason da yake mayarwa, rage kason kuma yana nufin sabon gwaji da sabuwar takardar shaida. Ka ga yadda haraji ya shigo har cikin aikin injiniya.

Kuma haraji ba ya tsayawa inda aka fara. Suwidin ta tashi daga kashi 18 zuwa 22 a Yulin 2024. Holan ta fara da 29, ta kai 34.2 a 2025. Ka sa sashen kuɗi su gwada lissafinsu da harajin da ya fi na yau, su ga ko kasuwar za ta ci gaba da ɗaukar kanta.

Mataki na 4: Kamfani, mamallaka da shugabanni

Wasu ƙasashe sun wadatu da kamfanin da ke da rajista a yankinsu, kamar yadda ake yi a cikin Tarayyar Turai. Barazil ta ce sai kamfani mai hedikwata a cikin ƙasar, kuma ɗan ƙasa ya riƙe aƙalla kashi 20 na jari. Idan ana buƙatar abokin tarayya na gida, ka bincike shi kamar yadda hukuma za ta bincike ka, domin laifinsa naka zai zama.

Hukuma za ta bi sarƙar mallaka har ta isa ga mutum mai rai da jini. Za ta nemi fasfo, takardar 'yan sanda ta rashin laifi, shaidar biyan haraji, da bayanin inda jarin ya fito. Wannan sashe ne ya fi cin lokaci, ba don wuyarsa ba sai don jinkirin mutane. Mai hannun jari da ke zaune a wata nahiya ba ya gaggawar aiko da takardunsa, takardar 'yan sanda kuma tana da wa'adi, sau da yawa kafin ta ƙarshe ta iso ta farko ta tsufa. Ka fara da wanda ka san zai fi ba ka wahala, ka lissafa kwanakin fassara da na tambarin tabbatarwa.

Mataki na 5: Dandali da gwajinsa

Babu hukumar da za ta karɓi maganarka cewa wasanninka ba su da maguɗi. Ɗakin gwaji mai zaman kansa ne zai tabbatar, irin su GLI, BMM Testlabs da eCOGRA, kuma sai wanda hukumar wannan ƙasar ta amince da shi. Za su gwada manhajar da ke fitar da sakamako don a ga ba a iya hasashenta, su gwada kowane wasa ko yana mayar da kason da aka rubuta, su duba dandalin da ke riƙe asusun kwastomomi, sannan su gwada tsaron ta hanyar ƙoƙarin kutse. Ƙasashe da yawa suna jingina da ma'aunin GLI-19 na dandalin wasanni da GLI-33 na cacar wasannin motsa jiki, da ISO 27001 na tsaron bayanai, amma kowace tana ƙara nata.

Ka kama layi da wuri. Duk masu neman lasisi ɗakunan gwajin nan 'yan ƙalilan suke rububi a wata guda.

Sai rumbun da hukuma ke leƙawa. Denmak tana da SAFE, Holan tana da rumbun bayanan sa ido da kowane kamfani zai kafa, Barazil tana da SIGAP. A nan ake zuba bayanin kowace caca da kowace shigar kuɗi da fitarsa, a tsarin da hukuma ta zayyana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gwada cewa bayanai suna tafiya, a manta a gwada ko sun yi daidai da littafin kuɗi. Ka sa a riƙa kwatanta su kullum, domin ranar da jimillar rumbu ta saɓa da wadda kuka biya haraji a kanta, tambayoyin ba za su yi daɗi ba.

Dokokin wasa ma na shiga nan. A Jamus an fara da iyakar yuro 1 a kowane juyi na silot, da daƙiƙa biyar a matsakaici tsakanin juyi da juyi, kuma ba a yarda wasa ya riƙa juya kansa ba. Barazil ta wajabta adireshin shafi ya ƙare da bet.br. A Amurka, inda kowace jiha ke da dokarta, dole dandali ya tabbatar da inda mutum yake tsaye a lokacin da yake caca. Mai asusu a New Jersey da ya haye kogin Hudson ya shiga birnin New York, to wasan kasino ya tsaya masa har sai ya koma.

Idan ba ku da dandalin kanku, ana iya hayar na kamfanin da ya riga ya samu shaida a ƙasar, kuma wannan yakan rage watanni. Amma ka duba ko shi ma yana buƙatar izini: Ontariyo tana yi wa masu samar da wasanni rajista, Suwidin ma ta wajabta musu izini daga Yulin 2023. Ka kuma sa a cikin kwangila cewa za ka iya bincikensu kuma za su ba ka rikodi duk lokacin da ka nema. Aiki ake bayarwa haya, alhaki yana nan a kan mai lasisi.

Mataki na 6: Tantance kwastoma

Ƙa'idar da ta fi aminci: ba zuba kuɗi, ba wasa, sai an tabbatar da suna da shekaru. Birtaniya ta wajabta haka tun Mayun 2019, sababbin kasuwanni kuma galibi daga nan suke farawa. Barazil tana neman lambar haraji ta CPF da hoton fuska da manhaja za ta kwatanta. Inda ƙasa ke da shaidar ɗan ƙasa ta intanet ko ta banki, kamar BankID a Suwidin, aikin na 'yan daƙiƙoƙi ne. Inda babu, sai a koma ga hoton katin shaida da bidiyon fuska mai motsi, da ma'aikaci da zai duba waɗanda manhaja ta yi shakka a kansu.

Bayan haka sai rajistar hani, wato jerin waɗanda suka hana kansu caca ko aka hana su: Spelpaus a Suwidin, ROFUS a Denmak, OASIS a Jamus, Cruks a Holan, Gamstop a Birtaniya. Abin da za ka yanke tun yanzu shi ne me dandali zai yi idan rajistar ta faɗi. Amsa ɗaya ce, a rufe ƙofa. A ranar da Holan ta sa za ta buɗe kasuwarta, Cruks ta samu tangarɗa, kamfanonin da ke da lasisi a hannu suka zauna jira har aka gyara. Sashen kasuwanci zai so a bar mutane su shiga a duba daga baya. Kada ka yarda, kuma ka sa a gina shi yadda ba mai iya kashewa da hannu. Idan ƙasar ba ta da rajista guda tukuna, kamar yadda Ontariyo ta buɗe a 2022 kowane kamfani na riƙe da tasa, ka gina taku ta haɗa dukan shafukan da kuka mallaka, kuma ta toshe saƙonnin talla nan take. Aika wa wanda ya hana kansa caca saƙon garaɓasa yana cikin laifukan da hukumomi ba sa yafewa, kuma yawanci yakan faru ne don jerin masu karɓar talla yana wata manhaja daban da ba ta jin labari sai bayan kwana ɗaya.

Mataki na 7: Kuɗin haram da hanyoyin biya

Ka fara da rubuta nazarin haɗari na wannan kasuwar musamman: waɗanne wasanni ne suka fi sauƙin wanke kuɗi, waɗanne hanyoyin biya, waɗanne irin kwastomomi. Daga shi ne sauran tsare-tsare za su fito. Ƙungiyar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram ce ke shimfiɗa ma'aunin duniya, dokar Tarayyar Turai kuma ta sa yuro 2,000 a matsayin inda bincike ke wajaba a harkar caca, amma kada ka jira lamba. Wanda ya zuba kuɗi mai yawa, ya yi caca kaɗan, ya nemi cirewa, ya isa a dube shi. Haka masu wasan karta biyu da ɗaya ke ta faɗuwa ga ɗayan da gangan, ko asusu da yawa daga waya guda.

A tace sunaye da jerin waɗanda aka sa wa takunkumi da masu riƙe da manyan muƙaman siyasa da iyalansu. A karɓi kuɗi daga asusun da ke ɗauke da sunan kwastoma kaɗai, a mayar ta hanyar da suka shigo. Idan aka ga abin zargi, jami'in da aka naɗa ya kai rahoto ga sashen tattara bayanan sirrin kuɗi na ƙasar, kamar COAF a Barazil, kuma haramun ne a tsegunta wa kwastoma. Ka horar da masu amsa waya a kan wannan, don ta bakinsu maganar kan zube. A adana rikodi aƙalla shekara biyar, ko abin da dokar ƙasar ta ce idan ya fi haka.

Katin bashi: Birtaniya ta hana shi a Afrilun 2020. Barazil ta hana shi tare da kuɗin kirifto da tsabar kuɗi, ta bar irin su Pix, tsarin tura kuɗi nan take na ƙasar, da katin cire kuɗi, ta kuma ce a biya wanda ya ci cikin minti 120. Kuɗin kwastomomi kuwa a ajiye su a asusu daban, kada su gauraya da na gudanar da kamfani.

Mataki na 8: Kare wanda caca ke neman cinyewa

A nan ne aka fi cin tara, kuma a nan ne takarda da aiki suka fi saɓawa. A Agustan 2022 hukumar cacar Birtaniya ta sa kamfanin Entain ya biya fam miliyan 17, a Maris ɗin 2023 kuma kamfanonin William Hill suka biya fam miliyan 19.2, duka a kan sakaci wajen kare kwastomomi da binciken kuɗi. Kada ka ce ai waccan tsohuwar kasuwa ce. A Yunin 2019, wata shida da buɗe kasuwar Suwidin, hukumar cacar ƙasar, Spelinspektionen, ta ƙwace lasisin kamfanin da ke tafiyar da Ninja Casino a kan irin waɗannan dalilai.

Kayan aikin sanannu ne: iyakar zuba kuɗi da ta lokaci, agogon da ke tuna wa mutum tsawon zamansa, hutun ɗan lokaci, da hani. Ragin iyaka ya fara aiki nan take, ƙari kuma sai bayan jira. Jamus ta sa yuro 1,000 a wata a matsayin iyakar asali da ta haɗa dukan kamfanoni ta tsarin sa ido na LUGAS, da maɓallin gaggawa da ke rufe mutum na awa 24. Holan, daga Oktoban 2024, ta ce idan abin da mutum ya zuba a wata ya wuce yuro 700, ko 300 ga wanda bai kai shekara 24 ba, sai an duba ko yana da halin hakan kafin ya ƙara.

Sai dai maɓallai ba su ne aikin ba. Ɗauki kwastoma da ya saba zuba kuɗi kaɗan ranar Asabar. Wani dare ya zuba sau shida tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu, kowane zubi ya fi na baya, banki ya ƙi biyu daga ciki, ya nemi cire kuɗi ya soke, da asuba ya rubuto wa masu amsa saƙo yana zagi yana roƙon garaɓasa. Manhaja ta kunna masa alama. Abin da hukuma za ta tambaya shi ne: ƙarfe nawa alamar ta kunna, wa ya gani, me ya yi, kuma me ya biyo baya? Saƙon imel na gama-gari da aka tura washegari da rana ba amsa ba ne. Amsa ita ce an dakatar da zubi a daren, an cire shi daga jerin talla, ma'aikaci mai horo ya kira shi, an rubuta abin da suka tattauna, an sa masa iyaka, an kuma sake duba asusun bayan mako ɗaya. Wannan na nufin sai an samu mai gadi da dare, domin matsalar caca ba ta san lokacin tashi daga ofis ba.

Abu guda da nake dagewa a kansa a ko'ina: masu kula da manyan kwastomomi kada a ɗaura ladansu da yawan asarar kwastoman, kuma kada su zama masu yanke hukuncin ko za a dakatar da shi.

Mataki na 9: Talla da 'yan kamasho

Dokar talla ce ta fi saurin canjawa, kuma kusan kullum tsananta take yi. Sabuwar kasuwa na buɗewa kamfanoni kan cika talabijin, jama'a su gaji, majalisa ta mayar da martani. Holan ta hana amfani da fitattun mutane a 2022, ta hana tallar da ba ta ware masu kallo ba daga Yulin 2023, ta rufe ɗaukar nauyin wasanni a Yulin 2025. Ontariyo ta hana sa 'yan wasa a talla daga Fabrairun 2024, kuma tun farko ba a yarda a tallata garaɓasa a bainar jama'a ba. Suwidin ta yarda da garaɓasa sau ɗaya tak, a karon farko. Italiya ta hana tallar caca kusan gaba ɗaya da dokar 2018. Don haka duk kwangilar talla mai tsawo a sa mata sharaɗin fita idan doka ta canja.

'Yan kamasho, wato masu shafuka da masu mabiya da ke turo kwastomomi a biya su, su ne ƙofar da aka fi shigowa da matsala. Abin da suka wallafa da sunanku, ku za a kama. Ka rage yawansu, ka amince da kowace talla kafin ta fita, ka riƙa ɗaukar hoton shafukansu lokaci-lokaci kana adanawa, ka kori wanda ke tallata shafukan da ba su da lasisi a gefen naku. A Jamus ma ba a yarda a biya su da kason abin da kwastoma ya zuba ba.

Mataki na 10: Miƙa takarda, buɗewa, da abin da ke biyo baya

Ka kiyaye wa'adin zagayen farko. A Barazil, waɗanda suka miƙa zuwa 20 ga Agustan 2024 ne aka yi wa alkawarin duba takardunsu kafin buɗewa ranar 1 ga Janairun 2025. Kafin ka miƙa, ka ba wani da bai sa hannu a rubutun ba ya karanta tsare-tsaren yana kwatanta su da dandalin gwaji. Duk inda takarda ta ce ana yin abu kuma allo bai nuna ba, a gyara ɗaya daga ciki. Kada ka rubuta abin da ya fi ƙarfinku don ka burge, domin abin da ka rubuta shi za a auna ku da shi. Tambayoyin hukuma kuma mutum ɗaya ya riƙa amsawa, a rubuce, cikin wa'adi.

Mako guda kafin buɗewa a yi gwajin ƙarshe da asusun gwaji: yaro ɗan shekara 17, wanda ke cikin rajistar hani, wanda ke wajen ƙasar yana ɓoye inda yake, mai katin wani, da wanda ya kai iyakarsa yana neman ƙari. Dukansu dole a tare su, a kuma adana hoton kowane.

Bayan buɗewa ka kafa kalandar wajibai: ranar haraji, rahoton wata da na shekara, sabunta gwajin tsaro, horar da ma'aikata, binciken odita. Idan kuna karɓar cacar wasannin motsa jiki, Barazil da Ontariyo sun wajabta haɗuwa da masu sa ido kan maguɗin wasanni, irin su IBIA, kuma cacar da ta ba da shakka sai an kai rahotonta. Ka rubuta jerin abubuwan da dole a sanar da hukuma, ka manna wa kowane shugaban sashe: canjin mai hannun jari ko darakta, sabon wasa, sabon mai samar da manhaja, babban gyara a dandali, faɗuwar tsarin hani ko na iyaka, da kutsen bayanai, wanda a ƙarƙashin dokar GDPR ta Turai awa 72 ake da su a sanar da hukumar kare bayanai. Injiniyoyi sun saba sabunta manhaja duk mako ba tare da tambayar kowa ba, don haka ka sa sa hannun jami'in bin ƙa'ida ya zama sharaɗi a tsarin sakin kowane gyara, a kuma ware tun farko waɗanne gyare-gyare ne ke buƙatar komawa ɗakin gwaji.

Idan kuka gano kun karya wata ƙa'ida, a tsayar da ɓarnar a ranar, a ƙirga waɗanda ta shafa, a mayar musu da kuɗinsu inda ya dace, sannan a rubuta wa hukuma abin da ya faru da abin da aka gyara da ranar da za a kammala sauran, kafin ƙorafin kwastoma ya riga ku isa teburinta.